Fuskokin da Malam Haliru Mai Bidiyo Ya Bari a Kaset

Ina zaune a shagona da ke bakin kasuwar Jega da hantsi, na buɗe bayan wata rediyo ina neman inda waya ta tsinke, sai Rabi, babbar 'yar Malam Haliru, ta kira ni. Ba ta saba kirana da kanta ba, mijinta take sawa. Ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba, ta ce, "Baba Bello, Baba ya cika. Za a kai shi Alelu bayan azahar." Alelu ne garin mahaifinsa. Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na daɗe da sanin ciwon ya ci ƙarfinsa, amma sanin abu daban, jin sa daban. Na ajiye rediyon a buɗe, na ja ƙofa, na tsaya ina duban shagon da ke manne da nawa, wanda yanzu ake sayar da takin zamani a ciki. A nan ya yi rabin rayuwarsa.

Ni mai gyaran rediyo da talabijin ne. Bango ɗaya ya raba shagona da nasa tun ina saurayi, ya kuma girme ni nesa ba kusa ba, shi ya sa har ya koma ga Allah ban taɓa kiran sunansa kai tsaye ba, sai Malam. Na rubuta wannan ne don waɗanda suka san shi su tuna, waɗanda ba su san shi ba kuma su ji wane ne aka rasa.

A shekarun farko da aka ba mu Jihar Kebbi ya dawo daga Sakkwato da kyamarar bidiyo irin ta saɓawa a kafaɗa, mai nauyin ɗan akuya. Lokacin babu mai irinta tsakanin Jega da Aliero da Maiyama. Ɗaurin aure, suna, walimar sauka, rakiyar alhazai, duk shi ake nema. A ƙauyuka irin su Gehuru da farko mata gudu suke yi in sun hango shi, wasu malamai kuma suka ɗaure masa fuska. Bai yi jayayya da kowa ba. Shi ma ɗan malami ne, a makarantar allon mahaifinsa ya sauke. Abin da ya yi shi ne ya kafa wa kansa ƙa'ida. Ba ya kunna kyamara sai mai gida ya ce a kunna. Ba ya ɗaukar mutum yana cin abinci. In aka kira salla yakan ajiye ta ƙasa ko da ango ne ke shigowa. Sannu a hankali waɗanda suka ƙi shi suka koma aiko masa.

Kowane biki yakan ba masu shi kaset ɗinsu, ya ajiye na asali a wurinsa don kada nasu ya lalace a rasa. Ɗaki guda ya cika da su a gidansa. Wata rana ina shagonsa wani ɗan kasuwa ya ce a saka masa bikin gidan wani abokin hamayyarsa ya ga irin kayan da aka yi. Malam ya ci gaba da goge gilashin kyamara da gefen rawaninsa, ya ce, "Abin da idona yag gani cikin gidan mutum, na mai gida na. Ba ni da ikon ba ka shi." Mutumin ya fita yana ƙunƙuni. Ban taɓa ganin ya saka kaset ɗin wani gida a gaban wanda ba ɗan gidan ba.

Haka aka yi ta tafiya har manyan talabijin na bango suka shigo, waɗanda muke kira filasma. Kowa ya samu hali sai ya sauke tsohuwar mai doro ya rataya sabuwa. Tashoshin waje da ƙwallo suna fita a cikinta tas, har gumin ɗan wasa kana gani. Sai mutane suka ɗauka tsofaffin bukukuwansu ma haka za su fito. Suka riƙa kawo kaset ana juye musu a faifai. Da sun saka, sai murna ta koma ciki. Fuskoki su yi faɗi kamar an danne su, launi ya zube daga riga ya hau wuya, wanda ya ɗaga hannu sai ka ga gefen hannun ya tsattsage kamar haƙoran matsefi.

Ni da nake buɗe cikinsu na san dalili. Hoton kaset layuka ne 'yan kaɗan aka jera, tsohuwar talabijin kuma daidai su aka yi ta, haskenta yana haɗe su ido bai ga tsakani ba. Sabuwar tana da gurabe masu ɗimbin yawa da dole ta cike, abin da kaset ya ba ta kuma bai kai ba, sai ta ja shi ta shimfiɗa, ta cike sauran da kintace. Malam ya fi ni iya faɗa. Yakan ce wa masu ƙorafi, "Hura dunƙule guda ta. In ka dama ta ƙaramin koko, hura ta. In ka ce sai ta cika masaki, ruwa za ka sha."

Yawancin mutane dariya suke yi su wuce. Amma akwai wanda abin bai zame masa na dariya ba, kuma daga kansa ne na ga Malam ya canza.

Sunansa Nasiru, matashin ɗan kasuwar albasa ne a Aliero, asalinsa mutumin ƙauyen Danwarai ne. Mahaifinsa Sanusi ya rasu a hanyar kudu, motar albasar da yake rakiya ta kife, Nasiru yana ciki ba a haife shi ba. Babu hoton Sanusi ko ɗaya a gidan. Nasiru ya tashi yana jin cewa Malam Haliru ne ya ɗauki ɗaurin auren iyayensa, kaset ɗin gidan kuma ya daɗe da ɓata. Da Allah ya buɗa masa, ya sayi babbar talabijin ya kafa a ɗakin kakarsa Inna Kulu, mahaifiyar Sanusi, ya zo ya roƙi Malam ya duba ko na asalin yana nan. Malam ya yi kwanaki yana tonon ɗakin nan har ya samo shi. Muka juye a faifai, Nasiru ya karɓa da hannu biyu.

Washegari ya dawo, idanunsa jajur. Ko zama bai yi ba ya ce, "Malam, mi kay yi ma kaset ɗin ga? Na tara dangi duka. Inna ta duba ta duba, tac ce wanga ba ɗanta ba na."

Malam ya ce, "Ban yi mai komi ba, ɗana. Amma mu tahi in gani da idona."

Ya sa na ɗaure tsohuwar talabijin ɗinsa a bayan babur da roba, shi ya rungumi na'urar bidiyo da kaset ɗin. Lokacin cirar albasa ne, hanya duk buhuna da warinta. Muka iske Inna Kulu zaune a kan tabarma, ta juya wa talabijin ɗin baya. Malam ya durƙusa ya gaishe ta, ya nemi izini, aka tayar da janareta aka fara saka faifan a babbar.

Na ga abin da ta gani. Taron maza ne a ƙofar gida, ana ta shafa fatiha. Inda aka ce ango ne, wani dunƙulen fari ne da hula, fuskar ta yi faɗi ta narke, idanu kamar an shafa gawayi da yatsa. Na karɓi rimot na matse hoton ya koma tsakiya, gefe da gefe suka yi baƙi. Faɗin ya tafi, amma dusashewar tana nan. Na ce kowa ya ja da baya can bakin ƙofa. Ya ɗan yi dama, bai isa ba.

Sai muka ɗora tsohuwar a kan turmi, Malam ya tura kaset ɗin da kansa. Hoton ya yi rawa, ya tsaya. Ƙarami ne, tafin hannu biyu zai rufe shi, amma mutanen ciki sun koma mutane. Inna Kulu ta waiwayo. Ta jawo jiki a kan tabarma har ta zo gabanta. Sai ta ɗaga yatsa ta nuna.

"Shi na. Ga Sanusi nan. Ku dubi yadda shika sunkuyad da kai in an yi mai magana. Haka shike tun shina yaro."

Matan gidan suka fashe da kuka. Ni har na fara jin daɗi a raina, na ce tafiyarmu ta yi amfani. Sai na ga Nasiru ya durƙusa kusa da kakarsa, ya kai fuskarsa dab da gilashin. Duk wanda ya san irin wannan talabijin ya san in ka matsa sosai layuka kawai za ka gani. Ya ja baya, ya sake matsowa.

Ya ce, "Inna, ina? Ni hula nika gani da riga."

Ta ce, "Ga shi nan gabanka, ɗan nan."

Muka bar kaset ɗin ya tafi har ƙarshe. Kyamara ta daɗe a kan liman, ta daɗe a kan wakilin hakimi da manyan 'yan kasuwa da suka zo daga Jega, rigunansu da zubin rawaninsu duk sun fito. Ango kuwa daga nesa yake bayyana cikin abokansa, ya ɓace. Haka ake ɗauka a wancan zamani, manyan baƙi ake bi. Nasiru ya juyo ya ce, "Malam, babu inda kam matsa kusa da shi?"

Malam ya ce, "Babu."

Bai nemi uzuri ba. Nasiru ya tashi ya fita bayan gida. Da za mu tafi na kama tsohuwar talabijin zan ɗauka, Malam ya ce in bar ta, da na'urar da kaset ɗin duka. Suna ɗakin Inna Kulu har ta rasu.

A hanyar dawowa ya taɓa kafaɗata ya ce in tsaya. Ya sauka ya zauna a gindin wata tsamiya, ya cire hula ya riƙe. Can ya ce, "Bello, na ɗauki manyan riguna, na bar ango." Na ce ai ba wanda ya san gaibu, wa ya san Sanusi ba zai ga ɗansa ba. Ya girgiza kai. Ya ce, "Da ina cewa aje mutane nika yi. Ashe kaset ba ya aje kowa. Tuni kawai shika yi ma wanda yas san mutum. Wanda bai san shi ba, ba ya da rabo."

Daga ranar aikinsa ya sauya. Duk taron da ya je, sai ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya, ya matsa har fuska ta cika gilashi, ya tsaya, ya ce, "Hwaɗi sunanka." Tsofaffi, masu dafa abinci in an yarda masa, manoman da suka tsaya can baya da ƙura a ƙafa, duk sai ya bi su. Wani Alhaji a nan Jega ya aurar da ɗansa, ya kalli faifan, ya aiko a kira Malam, ya ce an cika masa biki da fuskokin talakawa, shi da baƙinsa kuwa an wuce su kamar iska. Malam ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri. Kai hotonka na ko'ina. Waɗanga ba su da wani sai wanga." Alhajin bai sake kiransa ba, abokansa ma haka. Da ma wayoyi masu kyamara sun fara yawa, kowane yaro ya zama mai ɗauka. Aiki ya yi ta ja da baya har ya saki shagon.

Abin da ya rage masa shi ne ɗakin kaset ɗin nan, da tsoron ranar da za a rasa abin kallonsu. 'Yan gwangwan suna bin gida gida suna sayen tsofaffin talabijin, su fasa su ciri jan ƙarfe. Malam ya shiga rige-rige da su. Duk inda ya ji akwai mai doro da aka jefar, sai ya je ya roƙa, ya kawo mini, in cire na wannan in sa wa waccan.

Wata rana aka ce masa akwai mai kyau a wani gidan gem a Maiyama, inda samari ke biya su yi wasan ƙwallo na na'ura a talabijin, mai wurin ya sayi ta bango. Muka je. Muka iske sabuwar a rataye ba kowa a gabanta, samari kuwa sun yi layi a kan tsohuwar suna buga ƙwallo. Mai wurin ya ce tun da ya haɗa tsohuwar na'urar gem ɗinsa da sabuwar talabijin yake cikin rigima. 'Yan wasan sun koma kamar an gina su da tubali, gefensu kamar bakin zarto, abin da ya fi muni kuma, in ka danna sai ɗan wasan ya ɗan jinkirta kafin ya buga, har an ƙwace ƙwallon. Duk da haka ya ce don girman Malam a ɗauka, samarin za su saba. Malam ya tsaya yana kallonsu suna ihu suna dukan kafaɗar juna. Ya ce, "A'a, bar musu. Nan tana wurin masu rai." Muka dawo hannu wofi, ko a fuska bai nuna damuwa ba.

Sai ciwon suga ya kama shi. Idanun ya fara ci. Mutumin da ya yi rayuwarsa da ido ya koma sai an ja masa hannu zuwa masallaci. Bai taɓa kuka da wannan a gabana ba. Ya sa aka yi ta aika wa mutane su zo su karɓi kaset ɗinsu, ko su zo zaurensa su kalla. Kaɗan ne suka zo. Wasu sun ce me za su yi da shi, ba su da abin sakawa. Wasu gidajen ma sun watse, babu wanda za a aika wa. Zafi da damina kuma ba su bar kaset ɗin ba. Rufin ɗakin ya yi yoyo wata shekara, na buɗe wasu na tarar fumfuna ta yi musu fari, zaren ya manne, in ka ja ya tsinke.

In wani ɗan gida ya zo, ni nake zuwa in saka masa. Malam yakan zauna a gefe, kansa a jingine da bango, yana saurare. Da murya yake gane su. "Wanga Liman na, Allah shi jiƙanai. Mai dariyan ga Ɗanjuma direba na, shi ma ya tahi. Wagga mai guɗa, bara anka rufe ta." Wani lokaci kaset ya ƙare bai ambaci mai rai ko ɗaya ba. Ranar da na fi jin nauyin abin ita ce da ya ce mini, bayan baƙon ya tafi, "Bello, ɗakin ga ya koma maƙabarta, ni na mai gadi."

Ciwon ya sauka ƙafa, aka yanke yatsu, daga baya ƙoda ta taɓu. Aka yi ta kai shi asibiti a Birnin Kebbi ana dawowa. Zuwana na ƙarshe da la'asar ne, yana kwance a kan katifa a zaure, ya rame har ban so in dube shi ba. Ya gane takuna. Bayan mun gaisa ya tambaye ni mai doro ɗaya da ta rage masa, wadda na ɗauka in gyara tun kafin azumi. Na so in ce ana nan ana ƙoƙari. Na kasa yi masa ƙarya. Na ce kwalbar da ke fitar da hoto ce ta mutu, na aika Sakkwato, na aika Kano, babu.

Ya ce, "To, bar ta ta huta. Ta yi aiki."

Ya lalubo hannuna ya riƙe. Ya ce, "Ga amana zan bar ma. Kaset ɗin ga akwai matan mutane ciki, akwai cikin gidajensu. Kada ka bari su hwaɗa hannun 'yan gwangwan, ko yara su ja zaren su yi wasa da shi bakin hanya. Wanda yaz zo neman nashi, ka ba shi. Wanda ba a zo nema ba, kada damina ta iske shi. Ka gina rami ka ƙone, ka rufe." Na ce Malam, aikin rayuwarka ne fa. Ya ce, "Ba nawa ba na. Ajiya ta."

An yi masa salla a ƙofar gidan mahaifinsa a Alelu. Jama'a ta taru fiye da yadda na zata, har daga ƙauyukan da ya daina zuwa tun da daɗewa. Muka kai shi, muka dawo.

Yanzu kaset ɗin suna cikin buhunan albasa a ɗakin bayan shagona. Kowanne da sunan gida da na gari a jikinsa, da rubutun ajami na hannunsa. Ina roƙon duk wanda ya san Malam Haliru ya taɓa ɗaukar wani taro a gidansu, ko a Jega, ko Aliero, ko Maiyama da ƙauyukansu, ya zo ya duba. Ba zan yi alkawarin za ku ga abin da ke ciki da kyau ba. Wasu sun lalace, waɗanda suka tsira kuma a talabijin ɗin yanzu sai dai ku yi haƙuri da abin da ya fito. Amma muryoyin suna nan, kuma in akwai tsoho a gidanku da ya san mutanen, ku zo da shi tun yana da rai, shi zai nuna muku wane ne wane. Gajimare ya fara haɗuwa ta gabas. Ranar da ruwan farko ya sauka zan cika abin da ya ce, ko da zuciyata ba ta so.

Ya Allah, bawanka Haliru ya zo gare ka, ba shi da kowa sai kai. Ka gafarta masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Ka sa ciwon da ya sha da makantar da ya yi haƙuri da ita su zame masa kaffara. Ya rufa asirin gidajen mutane, ka rufa masa nasa ranar da asirai za su tonu. Ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi, ka sada shi da iyayensa da malamansa cikin rahamarka. Ka ba matarsa Hajo haƙurin zama bayansa, ka dafa wa Rabi da ƙannenta, ka haɗa kansu, kada ka bar su su tagayyara. Waɗanda ke cikin buhunan nan da suka riga mu, su ma ka jiƙan su baki ɗaya. Mu da muka saura, in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.